Kundin Farfaɗo da Tsohuwar Tashata ta Rediyon Sha'awa

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Yau da hantsi ni da jikana muka sauko da na'urar daga saman durowar ɗakin ajiya, inda ta shafe shekara 27 a naɗe cikin tsohon bargo. Yaesu FT-101E ce, ƙirar Japan ta tsakiyar shekarun 1970, wadda take karɓar magana kuma take aika ta a gajeren zango, kuma da yake nauyinta ya kai kimanin kilo 15, sai da muka haɗa hannu kafin ta sauka lafiya a kan tebur. Da na cire murfin sama na tarar kyankyasai sun yi zamansu sun tashi, ƙura ta kwanta a kan allunan ciki, amma ban ga alamar ƙuna ko tsatsa mai tayar da hankali ba.

Yaron, wanda shekararsa 13, ya riga ya ɗauko wayar wuta yana neman soket, sai na riƙe masa hannu. Na'urar da ta daɗe a ajiye ba a jona ta da wuta kai tsaye, domin manyan kwandensa da ke cikinta, wato ma'ajiyar wutarta, suna lalacewa da zama, kuma ɓangaren da ke aika magana yana aiki da wuta mai ƙarfin kusan bolt 600, wadda ba ta san yaro ba, ba ta san babba ba. Ya ce, "Kaka, ashe tsoronta kake ji?" Na ce masa ƙwarai kuwa, kuma wanda ya koya mini ita ma tsoronta yake ji har ya bar duniya.

Niyyata ita ce na'urar ta sake ji kafin azumi. Maganar aikawa tana gaba, domin lasisina ya daɗe da ƙarewa, kuma ba zan taɓa madannin aikawa ba sai takarda ta fito.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, 2024

A ƙarƙashin bargon na samu kundina na farko, littafin rubutu mai layi wanda na ja wa layuka da rula na raba shi gida-gida: kwanan wata, lokaci, zango, lambar tasha, da ƙarfin da aka ji ta. Shafin farko yana ɗauke da shekarar 1979, kuma duk lokutan da ke ciki an rubuta su ne da agogon GMT, wanda yake bayan agogon Nijeriya da awa ɗaya. Na yini ina karantawa ban taɓa sukudireba ba.

Asalin abin ya faro ne a Tudun Wada ta Kaduna a 1978, ina ɗan shekara 14. Mahaifina yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, kuma yana da rediyo mai zango uku wadda ba mai taɓa ta sai shi, da ita yake kama Sashen Hausa na BBC da Rediyo Kaduna. Idan ya tafi aikin dare nakan saci jiki in murɗa ta a hankali, kuma wata rana, ƙasa kaɗan da inda tashoshin mita 41 suke cunkushe, na ji wasu muryoyi kamar na agwagwa, ana magana amma ba a gane ko kalma ɗaya, a gefensu kuma wani fito yana katsewa yana ci gaba. Na tambayi mai gyaran rediyo na bakin layinmu, shi kuwa ya ce ba aljanu ba ne, mutane ne masu tasha a cikin gidajensu, kuma akwai wani dattijo a Unguwar Sarki mai irin wannan aikin.

Dattijon tsohon ma'aikacin tangaraho ne a sashen gidan waya na P&T, wanda ya yi ritaya ya sayi wannan na'urar a hannun wani injiniya Bature da zai koma gida. Malam kawai nake kiransa, kuma haka zan ci gaba da kiransa a nan. Ranar da na fara zuwa bai bar ni na wuce zaure ba. Ya ba ni kwalin da ake naɗe yadi a kansa, da siririyar wayar tagulla, da ƙaramin dayod mai tsamo murya daga cikin sigina, da abin sawa a kunne, ya zana mini yadda ake haɗa su a bayan ambulan, ya ce in na ji Rediyo Kaduna da wannan in dawo. Mako uku na yi ina naɗawa ina warwarewa. Daren da abin ya yi, bayan na ɗaura doguwar waya a bishiyar dalbejiya na kuma ɗaure ɗaya bakin a bututun famfo, sai na ji muryar mai gaishe-gaishe can ƙasa-ƙasa a kunnena, ba batir, ba wutar lantarki, ƙarfin tashar ne kaɗai yake motsa abin. Na kira Inna ta saka a kunne, ta saurara, ta duba ƙarƙashin tabarma ko na ɓoye batir, sannan ta yi salati ta ce kada in kuskura in kwana da wannan abu a ɗaki.

Asabar, 23 ga Nuwamba, 2024

Hanyar da Malam ya koya mini ta tayar da tsohuwar na'ura ita ce a sa ƙwan fitila mai wat 100 a tsakaninta da soket, ta yadda duk wutar da za ta shiga sai ta bi ta cikin ƙwan. Idan akwai inda waya ta haɗe a ciki, ƙwan zai yi haske sosai ya shanye wutar kafin taransfoma ta ƙone, idan kuwa lafiya lau ne, zai yi haske na ɗan lokaci ya dushe. Abin da ban yi tsammani ba shi ne wahalar samun ƙwai mai zare irin na da, domin duk shagunan da na shiga a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi sababbin ƙwayaye marasa cin wuta suke sayarwa, waɗanda ba su da amfani a wannan aikin. A Panteka na samu guda biyu a wurin wani mai sayar da tsofaffin kayan wuta, wanda ya ɗauka kaji nake kiwo.

Ƙwan ya yi haske bai dushe ba. Na kashe, na sauke wutar da ta saura a cikin manyan kwandensa biyu kafin in sa hannu, na auna su, na tarar ɗaya ya mutu, gindinsa ma ya kumbura ya yi farin gari. Dole a canza su duka biyun, tare da ƙaramin kwandensan da ke tsakanin bawul (kwalbar gilashi mai ƙara wa sigina ƙarfi) mai tura sigina, wato 12BY7A, da manyan bawul biyu na ƙarshe, 6JS6C, domin masu wannan na'urar sun daɗe da sanin cewa in ya lalace yakan tafi da bawul ɗin gaba ɗaya. Na ba ɗana jerin kayan ya yi odarsu ta intanet. Na kuma lura an ɗaure taransfomar a kan bolt 220, sai na mayar da ita kan 234, saboda yadda wutar unguwarmu take hauhawa da tsakar dare.

Lahadi, 8 ga Disamba, 2024

Kaya ba su iso ba tukuna, don haka na zare allunan ciki ɗaya bayan ɗaya na goge bakunansu, na mayar da kowanne raminsa. Wannan yana cikin abin da nake yaba wa masu ƙirar: kusan kowane sashe allo ne mai zaman kansa da ake zarewa da hannu, ba sai an narka dalma ba.

Da yake babu sauran abin yi, na fara koya wa jikana Mos, wato aika haruffa da gajeren fito da dogo, kuma na bi hanyar Malam sak. Malam bai taɓa ba ni takarda mai ɗigo da ja in haddace ba, domin a cewarsa wanda ya koya da ido zai yi ta ƙirga ɗigo a ransa har saƙo ya wuce shi. Da baki yake rera harafi, "di" ga gajere, "da" ga dogo, ni kuma in rubuta, kamar yadda almajiri yake ɗaukar karatu daga bakin malaminsa kafin ya san ƙa'idar rubutu. Ya fara da E, wanda "di" ɗaya ne tak, da T, wanda "da" ɗaya ne, kuma sai da na yi wata shida kafin in kai kalma 12 a minti ɗaya, wanda shi ne ma'aunin da ya gindaya mini. Tun daga taron hukumar sadarwa ta duniya, ITU, na 2003 aka daina wajabta wa ƙasashe jarraba masu neman lasisi a kan Mos, amma har yanzu ina ganin duk wanda bai koye shi ba ya bar rabin daɗin abin a baya, domin fiton Mos yana ratsa hayaniyar da murya ba za ta iya ratsawa ba.

Yaron ya yi mini tambayar da ni ma na yi wa Malam a shekarunsa: yaya ake buga ƙ da ɗ da ɓ? Amsar ba ta canza ba, Mos na duniya bai tanadar musu alama ba, sai a buga k da d da b, mai karɓa ya gane daga ma'ana, kamar yadda aka riƙa yi a wayar tangaraho.

Shekara biyu cur na yi a ɗakin Malam ina saurare kawai. Aikina shi ne in zauna a kan tabarma da kundi a cinya, in rubuta lambar duk tashar da na ji, in nemo ƙasarta daga haruffan farko: G Ingila, DL Jamus, I Italiya, PY Burazil, mu kuma Nijeriya 5N, ko da yake Malam yakan tuna lokacin da ake kiranmu ZD2 a zamanin Turawa. A gida kuma ya koya mini dabarar da ta mayar da agwagin nan mutane. Masu tashar suna aika murya ne ta hanyar SSB, wadda ake cire wa ginshiƙin siginar don a yi tattalin wuta, rediyon gida kuwa ba ta da abin da zai mayar da shi. Amma idan aka ajiye wata rediyo a kunne kusa da ta farko aka murɗa ta sannu a hankali, siginar da take fitarwa daga cikinta takan cike gurbin, sai maganar ta fito tar. Rediyon maƙwabcinmu na riƙa ara don wannan, har matarsa ta fara ɓoye ta in ta ji sallamata.

Juma'a, 27 ga Disamba, 2024

Kayan sun iso ranar Litinin, na gama sa su jiya. Sababbin kwandensan ba su kai rabin girman tsofaffin ba, sai da na naɗa musu roba kafin maƙalin ya riƙe su. Wannan karon ƙwan ya yi haske ya dushe kamar yadda ake so. Bayan sallar la'asar na cire shi, na bar makunnin da ke ɗumama bawul a kashe, tunda ɓangaren karɓa duk taransista ne ba ya buƙatarsu, na jefa waya mai tsawon mita biyar ta taga, na kunna. Fitilar fuskar ta kama, lasifika ta yi shuu, Hajiya ta leƙo daga tsakar gida ta ce, "To, kishiyata ta farka."

Murnar ba ta daɗe ba. Allurar da ke nuna ƙarfin sigina ta tsaya a kan 9 daga farkon zangon mita 40 har ƙarshensa, ba kuwa tasha ba ce, wani gurnani ne marar yankewa. Na kashe inbatar gidana na jona na'urar da batirin mota, allurar ta sauko zuwa 6, abin da ya nuna cewa kashi mai yawa na hayaniyar daga ɗakina take fitowa, saura kuma daga cajojin waya da na'urorin sola da fitilun zamani na maƙwabta. A shekarun 1980, idan aka ɗauke wuta a Tudun Wada, zangon yakan yi tsit kamar daji da asuba, har mukan yi wa ɗaukewar wuta maraba. Yanzu ana ɗaukewa inbatoci da janaretoci suke tashi gaba ɗaya. Babbar hayaniyar da muka sani a da ita ce wadda ake kira maƙwaƙƙwafin Rasha, wata na'urar hango makamai ta Tarayyar Sobiyat da ta riƙa buga ƙwas-ƙwas kusan sau goma a daƙiƙa daga 1976 zuwa 1989, amma ita takan zo ta wuce, ba ta kwana a gidan mutum.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau muka ɗaga eriya ta gaskiya, mai reshe biyu, ta zangon mita 20. Lissafinta bai canza ba tun daga bayan ambulan ɗin Malam: a raba 143 da adadin megahaz, abin da ya fito shi ne tsawon wayar a mita. A kan 14.1 ya ba mu mita 10 da santimita 14, wato kowane reshe mita 5 da santimita 7, kuma na sa yaron ya yi lissafin da kansa sau biyu kafin mu yanka. Mun ɗaure gefe ɗaya a gora mai tsawo da muka kafa jikin katanga, ɗaya gefen a reshen mangwaro, muka shimfiɗa ta gabas da yamma domin irin wannan eriyar ta fi ji ta gefenta, ta yadda za ta fuskanci Turai ta arewa da kudancin Afirka ta kudu. A madadin tangaran mai raba waya da abin da aka ɗaure ta mun yi amfani da guntayen bututun roba, daga tsakiya kuma waya mai sulke ta sauko zuwa ɗaki, na naɗa ta zagaye takwas a gindin eriyar don rage hayaniyar da ke biyo bayan sulken.

Bambancin ya fito nan take. Hayaniya ta sauko zuwa 4, kuma da misalin ƙarfe biyar na yamma muka ji wani ɗan Sifen yana kiran CQ, wato kiran duk mai ji, muryarsa kamar yana zaure. A kan 14.100 na jira tashoshin gwaji 18 da ke warwatse a duniya, waɗanda kowace take buga lambarta a Mos sau ɗaya cikin minti uku, ta biyo da dogon fito huɗu, na farko da wat 100, sannan 10, sannan 1, na ƙarshe kashi ɗaya cikin goma na wat. Na ji ta Afirka ta Kudu har fito na biyu. Lokacin ma ya taimaka, domin ƙarfin rana yana hawa yana sauka ne a zagayen kimanin shekara 11, kuma idan ya kai ƙololuwa saman sararin samaniya yakan fi mayar da siginar gajeren zango ƙasa. A farkon 2025 ɗin nan muna kan ƙololuwar, kamar yadda aka kasance a ƙarshen 1979 lokacin da na fara, abin da ya sa na taso ina zaton kullum haka duniya take kusa.

A kan 14.074 kuma akwai wani kuka mai kama da na tsuntsaye da yawa a bishiya ɗaya, wanda babu shi a zamanina. FT8 ke nan, tsarin da ya fito a 2017, inda kwamfutoci suke musayar lamba da rahoto cikin daƙiƙa 15-15, kuma suna tsinto siginar da kunne ba ya ji sam. Ban raina shi ba, ga mai zama cikin hayaniya irin tawa ma wataƙila shi ne mafita, sai dai ban ga inda ake tambayar mutum lafiyar iyalinsa a ciki ba.

Lahadi, 19 ga Janairu, 2025

Iskar hunturu ta karya gorar cikin dare, ta kuma tara wutar lantarki a jikin wayar eriyar har na ji tas-tas a bakin filogi lokacin da na zo cirewa. Mun sake kafa wata da igiyoyi uku, na kuma kafa ƙarfe a ƙasa bayan taga na ɗaure jikin na'urar da shi. Daga yau eriya ba za ta kwana a jone ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu, 2025

Na kammala cike takardun sabunta lasisi na aika, na haɗa da hoton tsohon, wanda aka ba ni daga Legas a 1983. Shi ne Malam ya sa na yi wa firam na rataye a bango, kuma ya yi mini rana a shekarar da ta biyo baya, lokacin mulkin soja, da wasu maƙwabta suka kai ƙarata wurin mai unguwa cewa ina magana da ƙasashen waje da dare. Mai unguwa ya zo da kansa, ya sa aka karanta masa takardar, na buɗe masa kundi ya ga babu komai sai lambobi da rahoton yanayi, na kuma gaya masa ƙa'idarmu ta hana siyasa da ciniki a kan iska. Kafin ya tafi sai da ya tambaya ko za a iya kama Makka.

A wajen kwafe kundin na iso shafin 14 ga Maris, 1982, ranar da Malam ya fara miƙo mini madanni a ƙarƙashin lambarsa, yana zaune a gefena. Wani ɗan Italiya ne ya amsa a mita 15. Na buga masa rahoton yadda nake jin sa, 579, na buga sunan gari, amma da ya dawo da nasa bayanin sai hannuna ya jiƙe da gumi, fensir ya tsaya, haruffa suka yi ta wucewa. Malam bai karɓi madannin ba, ya dai ce a hankali, "Buga masa QRS," wato ya rage sauri. Mutumin ya rage, ya maimaita komai sau biyu, ya rufe da 73, gaisuwar bankwana ta masu wannan sha'awa. Katinsa na tabbatar da hulɗar ya iso akwatin gidan waya bayan wata biyar, kuma yana nan manne a shafin da tsohon gam da ya koma ruwan ƙasa. Malam ya rasu a 1994, iyalinsa suka aiko mini da na'urar, na yi shekara uku ina kunna ta kafin canjin wurin aiki da hidimar yara su sa na naɗe ta.

Ɓangaren aikawa na gwada shi ne a kan kayan gwaji da ke shanye siginar a cikin ɗaki ba tare da ta fita iska ba, na ga ƙarfin bai kai rabin yadda na san shi ba, kuma ina zargin ɗaya daga cikin bawul biyun ya gaji. An daɗe da daina ƙera 6JS6C, wanda asalinsa na tsofaffin talabijin ne, don haka na bar saƙo wurin masu gyara biyu a Panteka da ɗaya a Kasuwar Barci ko za a dace da tsohon ajiya.

Jikana ya kai harafi 19. Da yammacin yau na bar shi da abin sawa a kunne na tafi alwala, na dawo na tarar ya rubuta CQ sau uku da DL a bayansa, sauran lambar kuma ta tsere masa. Ya ce, "Kaka, Bajamushe ne, amma sauri yake yi." Na ba shi sabon littafi da rula ya ja layukansa, ya rubuta kwanan wata, ya rage awa ɗaya daga agogon bango, ya bar gurbin lambar rabi a cike. Gobe bayan la'asar za mu ƙara haruffa biyu a kan waɗanda ya sani, sannan mu sauke reshen yamma na eriyar mu rage masa santimita huɗu.